Daga Umarnin Hukuma zuwa Yarjejeniyar Masana'antu: Tarihin Samar da Buɗaɗɗen Mizani na Gaɓoɓin Samfurorin Kwaikwayo, 1983–2022

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin yunƙurin samar da buɗaɗɗen mizani wanda zai ba da damar a ɗauki wani sashe na samfurin kwaikwayo da aka gina a wata manhaja, a yi aiki da shi a wata manhajar daban, ba tare da an sake gina shi ba. An kwatanta tafarkai biyu. Na farko shi ne na Ma'aikatar Tsaron Amurka, wanda ya faro da SIMNET a 1983 ya kai ga HLA. Na biyu shi ne na masana'antun ƙera motoci na Turai, wanda ya haifar da FMI a 2010. Maƙalar ta nuna cewa sa hannun hukuma ko ƙuri'ar kwamiti ba su isa su zaunar da mizani da gindinsa ba. Abubuwan da suka ba FMI karɓuwa su ne taƙaita buri, da kare sirrin kamfanoni, da gwada ƙa'idoji a cikin manhajoji masu aiki kafin a amince da su, da kuma miƙa riƙonsa ga ƙungiyar da ba ta neman riba. Daga ƙarshe an yi bayanin matsalar da babu ɗaya daga cikin mizanan biyu da ya warware, wato tabbatar da cewa gaɓoɓin da suka haɗu a zahiri sun kuma dace a ma'ana.

Fitilun kalmomi: kwaikwayo, samfuri, gaɓa, buɗaɗɗen mizani, HLA, FMI

1.0 Gabatarwa

Kafin a ƙera mota ko jirgin sama a wannan zamani, ana fara gina su ne a cikin kwamfuta. Injiniyoyi kan rubuta jimlolin lissafi da ke siffanta yadda inji da giya da birki za su yi aiki, sannan kwamfuta ta riƙa warware waɗannan jimloli daƙiƙa bayan daƙiƙa domin a ga abin da zai faru idan aka taka birki a kan jiƙaƙƙen titi, ko aka ɗora kaya fiye da ƙima. Tarin jimlolin da ke wakiltar abin shi ake kira samfuri a wannan maƙala, tafiyar da su a kwamfuta kuwa shi ne kwaikwayo. Gaɓa ita ce samfurin sashe guda, kamar na giya kaɗai, wanda ake so a haɗa da wasu domin a sami samfurin mota sukutum. Mizani kuma shi ne rubutacciyar ƙa'idar da kowa ya yarda zai bi wajen shirya gaɓarsa. Akan ce mizani buɗaɗɗe ne idan kowa na iya karanta shi, ya yi aiki da shi, ba tare da neman izinin wani kamfani ba.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: mene ne ke sa wani mizani ya zama abin da ake aiki da shi kullum, wani kuma ya tsaya a kan takarda ko ya taƙaita ga waɗanda aka tilasta wa? Tambaya ce ta tarihi, domin amsarta tana cikin yadda aka tsara mizanan, da waɗanda suka zauna a teburin tsarawa, da abin da suka yarda su bari a waje.

2.0 Tushen matsalar

Tunanin gina abu daga gaɓoɓin da za a iya musanyawa ya girmi kwamfuta. A 1841 injiniyan Birtaniya Joseph Whitworth ya gabatar da shawarar a daidaita barimar ƙusa da noti a kan kusurwa mai digiri 55, domin kafin nan kowace masana'anta tana da nata awon, kuma notin wannan ba ya shiga ƙusar wancan. A watan Oktoba na 1968, a taron da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta Jamus kan aikin gina manhajoji, Douglas McIlroy na ɗakunan bincike na Bell ya yi kiran a samar da irin wannan tsari ga manhaja: a sami masu ƙera gaɓoɓi, a sami masu saye su haɗa.

A fagen kwaikwayo buƙatar ta fi tsanani saboda yadda aiki ya rarrabu. Kamfanin da sunansa ke jikin mota ba shi ke ƙera dukan sassanta ba. Wani ne ke kawo giya, wani ke kawo na'urar lantarkin da ke sarrafa inji, wani kuma birki, kuma kowannensu yana da manhajar da ya saba gina samfurinsa da ita. Idan manhajoji goma ne a cikin aikin, kuma ana so kowace ta iya aika wa kowace samfuri kai tsaye, sai an gina gadoji 90. Idan kuwa akwai tsari guda da kowa ya yarda da shi, gadoji 20 sun isa: kowace manhaja ta iya fitarwa, ta kuma iya shigarwa. Lamarin ya yi kama da na kasuwannin da kowace ke da girman mudunta, inda fatake kan ɓata lokaci wajen sake awo kafin ciniki ya faɗa.

Akwai kuma matsala ta biyu wadda ba ta lissafi ba ce. Samfurin giya yana ƙunshe da ilimin da kamfanin ya tara cikin shekaru masu yawa. Miƙa jimlolinsa a buɗe ga abokin ciniki, wanda gobe zai iya nuna wa abokin hamayya, tamkar miƙa makullin taska ne. Duk mizanin da bai kula da wannan tsoro ba, masu kawo sassa za su yi masa riƙon sakainar kashi.

3.0 Tafarkin soja: daga SIMNET zuwa HLA

Waɗanda suka fara fuskantar matsalar haɗa kwaikwayo da kwaikwayo a babban mataki su ne sojojin Amurka. A 1983 hukumar binciken tsaro ta DARPA ta ƙaddamar da shirin SIMNET a ƙarƙashin jagorancin Jack Thorpe, wani hafsan sojan sama. Manufar ita ce a haɗa na'urorin koyon tuƙin tankar yaƙi masu yawa ta hanyar sadarwar kwamfuta, domin runduna ta yi atisaye tare a filin daga guda na kwaikwayo. Dabarar da aka bi ita ce kowace na'ura ta riƙe nata kwafin filin, ta riƙa sanar da sauran inda take da saurin tafiyarta. Domin kada saƙonni su cika layi, sauran na'urori kan yi kirdadon inda tankar za ta kai bisa saƙon ƙarshe, ita kuma ba ta sake aikawa sai kirdadon ya kauce wa gaskiya fiye da wani ƙayyadadden haddi.

Daga 1989 aka fara tarurrukan bita a Orlando ta jihar Florida domin mayar da wannan dabara mizani, kuma a 1993 cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta amince da shi a matsayin IEEE 1278, wanda aka fi sani da DIS. Wannan mizani ya fayyace siffar kowane saƙo dalla-dalla: wane fili ne ke ɗauke da matsayi, wane ne ke ɗauke da harbi ko fashewa. Ƙarfinsa ke nan, kuma iyakarsa ke nan, domin duk abin da ba a tanadar masa saƙo ba yana da wuyar shiga, kuma an gina shi ne don kwaikwayon da ke tafiya daidai da agogon bango.

Ofishin kula da samfurori da kwaikwayo na Ma'aikatar Tsaro, wato DMSO, ya ɗauki aniyar samar da tsari mafi faɗi, wanda aka sa wa suna HLA. A wannan tsari kowane kwaikwayo mamba ne na wata tarayya. Mambobin ba sa magana da juna kai tsaye, sai ta wata manhajar tsakiya mai suna RTI, wadda ke rarraba bayanai, tana kuma daidaita tafiyar lokaci. Kowace tarayya ita ke rubuta jerin abubuwan da mambobinta za su yi musaya a kansu. A watan Satumba na 1996 Paul Kaminski, mataimakin sakataren tsaro mai kula da saye da fasaha, ya fitar da umarnin da ya ayyana HLA a matsayin tsarin dukan kwaikwayon ma'aikatar. Umarnin ya sa wa'adi biyu: daga shekarar kasafi ta 1999 ba za a ƙara kashe kuɗi kan bunƙasa kwaikwayon da bai bi HLA ba, daga ta 2001 kuma za a yi ritayar duk wanda bai bi ba, sai wanda aka yi wa uzuri. A shekarar 2000 IEEE ta amince da HLA a matsayin IEEE 1516, aka sake bitarsa a 2010, NATO ma ta karɓe shi a yarjejeniyarta mai lamba 4603.

Duk da wannan ƙarfi na hukuma, HLA bai zama tsari ɗaya tilo kamar yadda umarnin ya nufa ba. Bugun 1.3 da ma'aikatar ta fitar a 1998 ya bambanta da na IEEE, har aka daɗe ana amfani da su biyun a lokaci guda. Mizanin ya fayyace yadda mamba zai yi magana da RTI, amma bai fayyace siffar saƙonnin da ke bin layi ba, saboda haka RTI na wannan kamfani ba ya jin yaren na wancan. DIS bai mutu ba, an ma sabunta shi a 2012, kuma filayen gwajin makamai sun samar da nasu tsarin mai suna TENA. Game da gaɓoɓin da za a sake amfani da su kuwa, ƙungiyar SISO mai kula da mizanan kwaikwayo ta amince da mizanin BOM a 2006, wanda ya ba da tsarin rubuta yadda ƙananan gaɓoɓi ke mu'amala da juna domin a riƙa harhaɗa su. Tasirinsa bai wuce da'irar masu aikin kwaikwayon soja sosai ba.

4.0 Tafarkin masana'antu: daga Modelica zuwa FMI

A daidai watan da Kaminski ya sa hannu a kan umarninsa, wato Satumba na 1996, wasu masana a Turai suka fara zaman tsara wani harshen rubuta samfurori da ba mallakar kowane kamfani ba. Jagoran yunƙurin shi ne Hilding Elmqvist, wanda ya tsara harshen Dymola a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lund ta Suwidin a 1978, ya kuma kafa kamfanin Dynasim a 1992. Bugun farko na sabon harshen, Modelica, ya fito a 1997, kuma a 2000 aka kafa Ƙungiyar Modelica, wadda ba ta neman riba, mai mazauni a Linköping, domin ta riƙe shi.

Modelica ya warware matsalar musaya ga waɗanda suka yarda su rubuta samfurorinsu da shi. Sai dai masana'antu sun riga sun tara dubban samfurori a wasu manhajoji, kuma ba wanda zai sake rubuta su. A aikace, hanyar da aka fi bi wajen miƙa samfuri ita ce mahaɗar da ake kira S-function ta manhajar Simulink, wadda mallakar kamfanin MathWorks ce. Masu ƙera motoci ba su ji daɗin dogaro da ƙofar da wani kamfani guda ke riƙe da makullinta ba.

Kamfanin Daimler na Jamus ne ya kawo shawarar a samar da mahaɗa ta kowa da kowa. Shawarar ta zama shirin MODELISAR, wanda ya gudana daga 2008 zuwa ƙarshen 2011 a ƙarƙashin tsarin tallafin bincike na Turai mai suna ITEA2, da abokan aiki 29, Dassault Systèmes na Faransa kuma yana jan ragama. Sunan shirin haɗin Modelica ne da AUTOSAR, mizanin manhajar na'urorin lantarkin mota, abin da ke nuna buƙatar da ta haife shi: a gwada manhajar da ke sarrafa mota tare da samfurin ƙarafan da take sarrafawa, tun kafin a ƙera su. A teburin akwai masu ƙera motoci, da cibiyoyin bincike irin su hukumar sararin samaniyar Jamus ta DLR, da kamfanonin manhaja waɗanda abokan hamayyar juna ne a kasuwa. Torsten Blochwitz na kamfanin ITI da ke Dresden da Martin Otter na DLR suna cikin waɗanda suka jagoranci rubuta ƙa'idojin, kuma su da abokan aikinsu suka gabatar da sakamakon a taron Modelica na 2011 a Dresden.

4.1 Abin da mizanin ya ƙunsa

Mizanin da ya fito, Functional Mock-up Interface ko FMI a taƙaice, ƙarami ne idan aka kwatanta da HLA. Gaɓa guda, wadda ake kira FMU, fayil ne matsattse irin na zip. A cikinsa akwai takardar bayani da aka rubuta da tsarin XML, wadda ke lissafa sunayen abubuwan da gaɓar ke karɓa da waɗanda take fitarwa da ma'aunansu. Akwai kuma samfurin kansa, ko dai a rubuce da harshen C, ko kuma an riga an juya shi zuwa yaren na'ura wanda mutum ba ya iya karantawa cikin sauƙi. Mizanin ya ƙayyade 'yan umarnin da manhajar da ta shigo da gaɓar za ta kira domin ta tayar da ita, ta ba ta ƙima, ta karɓi sakamako, ta kuma ciyar da lokaci gaba.

Zaɓin harshen C yana da dalili. Kusan kowace manhajar injiniya tana iya fitar da shi ko kiransa, kuma yana aiki daga babbar kwamfuta har zuwa ƙaramar na'urar da ke cikin mota. Damar miƙa gaɓa a yaren na'ura kuma ita ce amsar tsoron masu kawo sassa: abokin ciniki zai iya tafiyar da samfurin giya ya ga yadda yake aiki, ba tare da ya ga jimlolin da ke ciki ba.

An fitar da bugun 1.0 kashi biyu a 2010. Kashin farko, na watan Janairu, shi ne musayar samfuri: gaɓar tana faɗin yadda halinta ke sauyawa a kowane lokaci, manhajar da ta shigo da ita kuma ita ke warware lissafin. Kashi na biyu, na watan Oktoba, shi ne kwaikwayon haɗin gwiwa: gaɓar tana zuwa da nata mawarwarin lissafi, ana ce mata ta ci gaba da ɗan taƙi na lokaci, sannan a karɓi sakamakonta a miƙa wa sauran gaɓoɓi. Abin lura a nan shi ne abin da aka bari a waje da gangan. Mizanin bai faɗi yadda za a jera gaɓoɓin ba, ko tsawon taƙin da za a ɗauka, ko dabarar da za a bi idan lissafi ya fara kaucewa. An bar wa kamfanonin manhaja wannan fili su yi gasa a cikinsa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma da a ce masu tsarawa sun nemi su daidaita har da wannan, da wuya abokan hamayya su sa hannu a takarda guda cikin shekara biyu.

4.2 Amincewa da riƙo

Shirye-shiryen bincike da ake ba tallafi na ɗan lokaci sukan bar takardu a baya, waɗanda ba mai kula da su bayan kuɗi sun ƙare. FMI ya kauce wa wannan makoma domin daga 2012 an miƙa shi ga Ƙungiyar Modelica a matsayin aiki mai cin gashin kansa, duk da cewa amfani da FMI bai buƙatar harshen Modelica. Aikin yana da kwamitin gudanarwa wanda ke kaɗa ƙuri'a kan fitar da sabon bugu, da rukunin masu tsarawa da ke tattauna shawarwarin sauyi. Kamfanonin da ke ba da gudummawa suna sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ƙungiyar damar wallafa abin da suka kawo. Ana rarraba rubutun mizanin kyauta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, fayilolin C da na XML da ke tare da shi kuma a ƙarƙashin lasisin BSD mai sharaɗi biyu, wanda ya halatta sa su a cikin manhajar sayarwa. Wannan ya bambanta da al'adar manyan hukumomin mizani, inda sau da yawa sai an sayi kwafin takardar.

Ƙuri'ar kwamiti ita ce mataki na ƙarshe. Kafin a kai gare ta, akan gina sabuwar ƙa'ida a cikin manhajoji na gwaji, a ga ko abin da aka rubuta yana aiki kuma kowa ya fahimce shi iri ɗaya. An kuma samar da manhajar duba bin ƙa'ida, da tsarin gwajin juna inda kamfani ke ajiye gaɓoɓin da manhajarsa ta fitar tare da sakamakon da ake tsammani, wasu kamfanoni su shigo da su su bayyana abin da suka samu. Da haka iƙirarin cewa manhaja tana bin FMI ya zama abin da wani zai iya bincikawa.

4.3 Bugu na 2.0 da na 3.0

Bugu na 2.0 ya fito a watan Yuli na 2014. Ya haɗe kashi biyun nan a takarda guda, ya kuma ƙara damar adana halin gaɓa da komawa gare shi, ta yadda idan taƙi ya yi tsawo har kuskure ya yi yawa, za a iya ja da baya a maimaita da gajeren taƙi. Bai dace da bugun 1.0 kai tsaye ba, kuma ya ɗauki manhajoji lokaci kafin su cim masa. Mizanin ya kuma fita daga masana'antar mota zuwa fagagen jiragen sama da na ruwa, da wutar lantarki, da nazarin makamashin gine-gine, inda manhajar EnergyPlus ta Ma'aikatar Makamashin Amurka ta karɓe shi. Simulink ma, wadda mahaɗarta ce aka nemi mafita daga gare ta, daga baya ta ba da damar shigo da FMU da fitar da shi.

Bugu na 3.0 ya ɗauki shekara takwas, ya fito a watan Mayu na 2022 bayan jerin bugun gwaji da aka buɗe wa jama'a. Ya ƙara hanya ta uku ta tafiyar da gaɓa bisa jadawalin da wani mai tsara lokaci na waje ke gudanarwa, wadda ta dace da gwajin manhajar na'urorin lantarki. Ya kawo agogo domin abubuwan da ke faruwa a ƙayyadadden lokaci, da jerin ƙimomi, da sababbin nau'o'in lambobi. Ya kuma buɗe ƙofar ɗora ƙananan mizanai a kansa domin buƙatu na musamman, maimakon a cusa komai a cikin uwar takarda. A lokacin fitarsa manhajoji fiye da 150 ne ke aiki da FMI. Tun kafin nan, a 2019, ƙungiyar ta fitar da mizanin SSP domin siffanta yadda ake haɗa gaɓoɓi da yawa su zama tsari guda, wato wani ɓangare na abin da aka ƙi taɓawa a 2010.

5.0 Kwatanci

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa HLA da FMI ba matsala guda suka tunkara ba. HLA ya shafi manyan kwaikwayo da ke gudana a wurare daban-daban a lokaci guda, FMI kuwa ya shafi ƙunshe gaɓa a fayil domin a miƙa wa wani. HLA yana nan daram a fagensa, kuma akwai ayyukan da ke haɗa su biyun. Duk da haka kwatanta yadda aka samar da su yana da fa'ida.

HLA ya zo da umarni daga sama da barazanar yanke kuɗi. Waɗanda za su ɗauki nauyin sauya tsofaffin kwaikwayonsu ba su ne suka nemi sauyin ba, kuma riba ba ta bayyana gare su nan take ba, don haka neman uzuri ya zama mafita. FMI ba shi da hukumar da za ta tilasta wa kowa. Matsin da ya yi aiki shi ne na ciniki: manyan masu saye sun nemi a kawo musu samfurori a wannan siffa, masu kawo sassa sun ga sirrinsu a kare yake, kamfanonin manhaja kuma sun ga rashin bin mizanin zai fitar da su daga kasuwa. Bugu da ƙari, shiga HLA yana buƙatar RTI da yarjejeniyar tarayya kafin a ga sakamako, alhali ɗalibi mai kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya buɗe FMU ya tafiyar da shi da manhajoji na kyauta irin su OpenModelica ko FMPy. Wannan sauƙi yana da muhimmanci ga jami'o'in da ba su da ƙarfin sayen lasisin manhajoji masu tsada.

6.0 Abin da mizani bai warware ba

Haɗuwar gaɓoɓi biyu ba tare da kwamfuta ta yi ƙorafi ba, ba ya nufin sakamakon gaskiya ne. A ɗauki misalin jikin mota da sifirin ɗin da ke ɗauke da shi, a raba su gaɓa biyu masu musayar ƙarfi da sauri a duk kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Tsakanin musaya da musaya kowace gaɓa tana aiki da tsohuwar ƙimar 'yar'uwarta. Idan sifirin ɗin mai tauri ne, wannan ɗan jinkiri na iya shigo da makamashin da babu shi a zahiri, girgiza ta yi ta ƙaruwa har lissafi ya tarwatse. Kübler da Schiehlen sun yi nazarin wannan matsala ta haɗa kwaikwayo a 2000, kuma har yau fage ne na bincike.

Matsalar ma'ana ta fi wannan zurfi. Andreas Tolk da James Muguira sun nuna a 2003 cewa fahimtar juna tsakanin kwaikwayo matakai ce, daga isar saƙo, zuwa daidaiton siffa, zuwa daidaiton ma'ana, har zuwa daidaiton zaton da aka gina samfurori a kansa. Asarar kumbon Mars Climate Orbiter a 1999 misali ne daga maƙwabcin fage: wata manhaja ta ba da ƙima da ma'aunin fam, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka da ma'aunin niyuton ne. FMI ya tanadi wurin rubuta ma'auni, amma bai iya faɗin ko an gina samfurin batir ne don yanayin sanyin Turai kaɗai, ko zai yi gaskiya a zafin digiri 45. Rufe cikin gaɓa, wanda shi ya jawo masu kawo sassa, shi ne kuma ke hana mai karɓa bincika wannan da kansa, sai ya zama kamar cinikin biri a sama idan ba a haɗa da takardun shaidar inganci ba. Akwai kuma batun adanawa: gaɓar da aka juya zuwa yaren na'ura don Windows ba ta aiki a Linux, wasu gaɓoɓin kuma suna neman lasisin manhajar da ta fitar da su kafin su tashi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tafarkai biyu na samar da mizanin haɗa samfurorin kwaikwayo tsakanin 1983 da 2022. An ga cewa tafarkin soja ya samar da dabaru masu ɗorewa da mizanai da IEEE ta amince da su, amma umarnin 1996 bai iya mayar da su tsari guda ba. An ga kuma cewa FMI ya yaɗu ba tare da umarni ba, saboda masu tsara shi sun daidaita mahaɗa kaɗai, sun bar sirri da gasa a hannun masu su, sun gwada kafin su kaɗa ƙuri'a, sannan sun damƙa shi ga ƙungiyar da za ta ci gaba da riƙonsa bayan ƙarewar tallafi. Ga masu tsara mizanai a wasu fagage, kamar musayar bayanan lafiya ko adana matanin harsuna a kwamfuta, wannan tarihi yana ba da tambayoyin da ya kamata a amsa tun farko: wa zai ɗauki nauyin sauyi, me zai samu, kuma wa zai riƙe takardar bayan an watse daga taro. Aikin da ke gaban masu bincike a fagen kwaikwayo shi ne samar da hanyar da gaɓa za ta zo da shaidar iyakar da aka gwada ta, cikin siffar da na'ura za ta iya dubawa kafin a haɗa ta da wata.